Kundin shirin farautar barewa a Wayomin, 2025

18 ga Janairu, Asabar

Na yanke shawara. Bana, idan Allah ya kai mu kaka, zan je jihar Wayomin ta nan Amurka farautar barewa. Shekarata 11 a Miniyapolis, ban taɓa taka jihar ba ko da a kan hanyar wucewa. Na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, saboda duk wanda na tambaya cikin waɗanda suka saba zuwa, sai ya yi mini bayani kamar dama na san hanya.

Kakana na wajen uwa maharbi ne a ƙasar Gumel. Ban riski ƙarfinsa ba, amma na riski bindigarsa ta toka a rataye cikin zaure, da ƙahon barewa guda biyu da yake zuba magani a ciki. Kafin in yi wayo gonaki sun cinye dajin, barewa ta zama labari. Ina jin tun daga nan abin yake raina.

Dabbar da zan nema, a littafi sunanta pronghorn, a bakin mafarautan nan kuma antelope. A haƙiƙa ba barewa ba ce, masana sun ce a cikin dabbobin da ke raye raƙumin dawa ne danginta na kusa. Amma duk Bahaushen da ya gan ta tsaye a fili barewa zai ce, ni ma haka zan riƙa kiranta. Gudunta yana kai mil 55 a awa, babu dabbar da ta kai ta a Amurka ta Arewa, kuma Wayomin ta fi kowace jiha yawanta.

8 ga Fabrairu, Asabar

Mako uku ina fama da tsarin lasisi, sai yau ya zauna mini a kai. Ba zuwa ake yi a saya ba, ƙuri'a ake jefawa. Hukumar namun daji da kifaye ta jihar ta raba ƙasar yanki yanki, kowane yanki da lambarsa da adadin lasisin da za a bayar. Baƙo, wato wanda ba mazaunin jihar ba, yana da ƙofa biyu: ƙuri'ar gama-gari a kan dala 326, ko ta musamman wadda aka ɗaga zuwa dala 1,200 a 2024. Lasisin iri ɗaya ne, bambancin kawai masu neman ta musamman ba su kai yawan na gama-gari ba. Ni ba ni da wannan kuɗin, kuma ko ina da shi ba zan zuba shi a zuwan farko ba.

Sai batun maki. Kowace shekara mutum na iya sayen maki ɗaya. Kashi 75 cikin 100 na lasisin baƙi na zuwa ga waɗanda suka fi tara maki, ragowar kashi 25 kuma sa'a ce zalla. Ni makina sifili. Abin da ya ƙara matse lamarin shi ne sanyin hunturun 2022 zuwa 2023, wanda ya kashe barewa bila adadin, musamman a kudanci da yammacin jihar, ga kuma ciwon huhu da ya faɗa wa garkunan wajen Pinedale. A 2023 an rage lasisi sama da 10,000. Ke nan yankunan da a da mai maki ɗaya ko biyu ke samu, yanzu sun yi wa irina nisa.

Wani abokin aikina, Ba'amurke mai farautar barewar daji a arewacin Minesota, ya ce mu nema tare. Shi ma bai taɓa zuwa Wayomin ba, amma ya san bindiga.

22 ga Fabrairu, Asabar

Na gama kwas na kiyaye haɗarin bindiga, na karɓi shaida. Wayomin na buƙatarta daga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1966 zuwa yau, kuma tana karɓar ta Minesota.

23 ga Maris, Lahadi

Azumi ya sa na ajiye komai. Abu biyu dai sun faru.

Bayan tarawihi na tsaya wajen limaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne zai yi tafiyar mil 700 don ya harbi dabba ɗaya, alhali ga nama a kasuwa. Ina matsayinsa?" Ya yi murmushi, ya ce in tuna karatun Risala: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal. Ya ce in dai naman za a ci, ba ƙaho kawai zan ɗauko in bar sauran ga ungulu ba, babu laifi. Ya ja kunnena a kan abu uku. In yi bisimilla lokacin da zan danna kunama. In na tarar da ita da sauran rai, in yanka nan take. Kuma kada in bari ta kwana ban same ta ba, domin a mazhabarmu abin da ya kwana a daji bayan harbi ba a cinsa. Wannan na uku ya shiga cikin shirina kai tsaye. Doka ta yarda a yi harbi har rabin awa bayan faɗuwar rana, amma ni daga la'asar sakaliya na sauke bindiga.

Na biyu, a makon nan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Denver ta yanke hukunci a shari'ar mafarautan nan huɗu 'yan Misuri da suka tsallaka daga kusurwar filin gwamnati zuwa kusurwar wani filin gwamnati, ta tsakanin filayen wani mai gandu da ya kai su ƙara, a kusa da dutsen Elk. Kotu ta ce ba su yi laifi ba. Asalin matsalar tun zamanin shimfiɗa layin dogo ne a shekarun 1860, lokacin da gwamnati ta yanka ƙasa murabba'i murabba'i, mil ɗaya kowane gefe, ta ba kamfanin jirgi ɗaya ta riƙe ɗaya, kamar gidajen dara. Na karanta don in sani, ban sa shi a lissafina ba.

19 ga Afrilu, Asabar

Na sayi bindiga ta hannu, .243 Winchester, da madubin saitinta, dala 520. Dokar jihar ta ce harsashin barewa kada nauyinsa ya gaza giren 60 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Nawa 95 ne. Kwali biyu na harsashi, dala 68. A filin gwaji, daga kan tebur, na tara harbi uku cikin faɗin tafin hannu a yadi 100. Da na kwanta rub da ciki na ɗora ta kan jaka sai suka watse. Can kuwa babu tebur. Daga yanzu duk Asabar ta biyu zan zo, kuma a ƙasa zan riƙa harbi.

10 ga Mayu, Asabar

Mun shigar da takardar nema, tun kafin a rufe. Ana cire kuɗin duka tun yanzu, in ba ka samu ba a mayar maka, ban da kuɗin nema dala 15. Na biya 341 na babban lasisi, da 49 na lasisin mace, wanda shi babu ruwansa da maki.

Zaɓin farko mun sa wani yanki mai yalwar filin gwamnati a tsakiyar jihar, mun san sai dai sa'a. Zaɓi na biyu mun sa wani a arewa maso gabas, ɓangaren garin Gillette, irin waɗanda hukumar ke yi wa alamar tauraro a jerinta, ma'ana shiga filin gwamnati a nan yana da wuya. Na ga alamar sarai. Amma da na buɗe manhajar taswira ta onX na ga launin rawaya na filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, da shuɗi na filayen jiha a warwatse ko'ina, sai na ce wa abokina ai wannan ya ishe mu. Ba zan rubuta lambar yankin ba, haka al'adar mafarauta take.

7 ga Yuni, Asabar

Jiya aka yi Babbar Sallah. Bana ban bar wa masu gonar da muke yanka aikin ragona ba. Na yi fiɗa da kaina a ƙasa, kan leda, ba tare da ratayewa ba, domin a filin Wayomin babu bishiyar da zan rataya komai. Na cire cinyoyi biyu, hannuwa biyu, naman gadon baya, sannan na wuya da haƙarƙari. Minti 70 ya ɗauke ni, kuma gashi ya ɓata mini cinya ɗaya. Dole in rage lokacin. Kowa ya gaya mini cewa naman barewar nan, daɗinsa ko warinsa, ya danganta da saurin cire fata da sa shi cikin ƙanƙara.

22 ga Yuni, Lahadi

Sakamako ya fito. Zaɓin farko babu, lasisin mace babu, an dawo mini da dala 34. Zaɓi na biyu mun samu, mu biyu. Za a buɗe 1 ga Oktoba. Na kira Kawu a gida na gaya masa. Ya ce, "To, jinin Baba bai faɗi ƙasa ba. Ka dai yi hankali da ƙasar mutane."

12 ga Yuli, Asabar

Na sayi makin bana, dala 31. Tunda ba a zaɓin farko na samu ba, ina da damar fara tarawa. Tambarin kiyaye muhalli, wanda dole ne ga kowane mafarauci, dala 21.50.

Na kira masu gandun kiwo bakwai. Huɗu ba su ɗauka ba. Biyu sun ce sun ba kamfanonin jagorancin farauta hayar filinsu tun shekarun baya. Ɗaya ya ce zai bar mu mu shiga kwana uku, amma kuɗin da ya ambata ya ninka na lasisin. Na yi masa godiya.

26 ga Yuli, Asabar

Harsashi goma sha huɗu na ɓata kafin in gane abin da ke faruwa. Na farko ya tafi dama, na gyara saiti, na gaba ya tafi hagu da sama. Na ɗauka hannuna ne. Wani dattijo da ke tebur na kusa ya miƙo hannu ya girgiza madubin, sai ga shi yana motsi. Kusoshin zoben da ke riƙe da shi ne suka kwance. Mai gyara ya canza zobban, dala 55. Na sake saiti a yadi 200. A yadi 300 harsashin yana sauka kusan inci 7. Iyakata dai 250, abin da ya wuce haka zan matsa kusa ko in haƙura.

9 ga Agusta, Asabar

Abokina ya fasa. Za a yi wa mahaifiyarsa aiki a ƙarshen Satumba, shi kaɗai ne a kusa da ita. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Lasisinsa ba ya canzuwa zuwa sunan wani, kuma motarsa mai jan ƙafa huɗu da muka dogara da ita ta fita daga lissafi.

Uwargida ta ce, "Malam, kai kaɗai ba za ka shiga dajin da ba ka sani ba." Gaskiyarta. Ƙaninta da ke karatu a nan ya yarda zai raka ni. Ba zai riƙe bindiga ba, zai riƙe madubin hangen nesa ya taya ni ɗaukar nama.

2 ga Satumba, Talata

Mun dawo daga leƙen wuri jiya da dare. Da ban yi wannan tafiyar ba, da farautar ta mutu tun ranar farko.

Mun tashi Asabar bayan asuba, muka bi babbar hanya ta 90: Sioux Falls, muka haye kogin Misuri a Chamberlain, Rapid City, Sundance, har Gillette. Awa 12 da tsaye-tsayen salla da shan mai. Agogo yana komawa baya da awa ɗaya kafin a fita Dakota ta Kudu. Tun daga Moorcroft muka fara ganinsu a gefen titi, biyar nan, goma can, suna kiwo hankali kwance. Yaron ya ce, "Yaya, ai wannan ko da gora ma a samu." Duk a bayan shingen mutane suke.

Lahadi da safe muka nufi filin da na fi sa rai a kansa, wanda na yi wata uku ina kallo a waya: kusan eka 3,000 na BLM a haɗe, da kwari a tsakiya da tafkin shanu. A taswira hanya ta bi ta cikinsa. Mun yi mil 19 a kan tsakuwa, sai ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo, da allo mai cewa hanyar ta gandu ce, ba a shiga. Daga inda muka tsaya zuwa filin gwamnatin bai kai rabin mil ba, ina ganinsa da idona, har da garke a kan tudu. Kuskurena shi ne na ɗauka duk layin da aka zana a taswira hanyar kowa ce. Ba haka ba ne. Sai hanyar da ƙaramar hukuma ko jiha ko gwamnatin tarayya ke da haƙƙin bi a kanta. In ta shiga gandun mutum ba tare da wannan haƙƙin ba, tasa ce, kuma filin gwamnatin da ke bayanta sai tsuntsu. A Wayomin nauyin sanin inda kake tsaye yana kanka, ko an kafa allo ko ba a kafa ba. Cikin wurare tara da na yi wa alama, shida haka suke. Ɗaya kuma ta kusurwa kawai ake shigarsa, kuma tunda mai gandun da ya sha kaye a Denver ya garzaya Kotun Ƙoli, ni baƙo da bindiga a kafaɗa ba zan je in gwada ba.

Da rana hadari ya taso, aka yi ruwan da bai fi na minti 20 ba. Ƙasar wurin wata irin laka ce mai yauƙi da danƙo a lokaci guda, ta fi taɓon fadama mugunta. Ta naɗe tayoyin har suka daina juyawa a cikin rumbunsu, motar ta zame a hankali ta kwanta gefen lambatu. Babu sabis. Mun zauna awa uku. Wani mai gandu ya zo wucewa, tsoho mai hular kaboyi, ya ɗaura igiya ya fizge mu, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce in aka yi ruwa a nan, ka tsaya inda kake har iska ta busar da hanya, yawanci rabin yini ya isa. Na tambaye shi izinin farauta, ya ce jikokinsa ne ke zuwa makon farko. Amma ya nuna mini a taswirar takarda wani fili da maƙwabcinsa ya sa a shirin shiga da ƙafa, wanda hukumar ke biyan masu gandu su buɗe wa jama'a. Ba a neman takarda, mota dai ba ta wuce wurin ajiyewa. Ban taɓa duba wannan jerin ba, alhali yana nan a shafin hukumar. Da ɗan gari akan ci gari.

Litinin da sassafe muka taka filin. Tsiron da ya rufe ƙasar, gajere mai toka-toka, na murza ganyensa a hannu sai na ji ƙamshin tazargade sak. Ashe dangi ɗaya ne. Muka kwanta a bayan wani tudu muna kallon garke mai guda 11. Namijin yana da baƙin tabo a ƙasan kunne, wanda mata ba su da shi, da shi ake bambancewa tunda wasu matan ma suna da ɗan ƙaho. Yaron ya ɗaga kai kaɗan, daga nisan da ya fi yadi 600, sai gashin ɗuwawunsu fari ya miƙe tsaye yana walƙiya, suka zuba. Da suka iso shinge ba su yi tsalle ba. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suka kutsa ta ƙarƙashin waya, a wuri ɗaya, inda ƙasa ta ɗan lotsa. Na je na duba, ga gashinsu maƙale a ƙayar wayar. Na yi wa wurin alama.

Mai dala 205, masauki kwana biyu 230, wankin mota 18.

13 ga Satumba, Asabar

Na sami jami'in kula da namun daji na yankin a waya. Na karanta masa hanyoyi huɗu, ya tabbatar mini uku na ƙaramar hukuma ne. Ya tuna mini cewa a filin jiha ba a kwana kuma ba a hura wuta, a na BLM ana iya kafa tanti. Ya ce ranar buɗewa wurin ajiye motoci zai cika, amma yawancin mutane ba sa nisa da mota, kuma zuwa Juma'a rabi sun tafi.

Yanzu wurare uku gare ni: filin shiga da ƙafa, wani murabba'in jiha mai eka 640 da hanya ta ratsa, da wani yanki na makiyayar tarayya ta Thunder Basin. Na sauke taswirorinsu a waya don su yi aiki ba sabis. Na kama hayar mota mai jan ƙafa huɗu, kwana shida, dala 610. Wannan ne kuɗi mafi zafi a tafiyar.

20 ga Satumba, Asabar

Gwajin ƙarshe. Harbi biyar a yadi 250, rub da ciki, iska tana kaɗawa daga hagu. Huɗu cikin faranti, ɗaya a bakinsa.

27 ga Satumba, Asabar

An haɗa kaya. Kula biyu manya, jarkokin ruwa da na daskarar a firiza, buhunan yadi na zuba nama, wuƙaƙe biyu, safar gwiwa da ta hannu mai kauri saboda ƙayar kaktus da ta cika wurin, hula da riga masu launin lemo mai ƙyalli, waɗanda doka ta ce mafarauci ya sa aƙalla ɗaya, har da na yaron. Bindiga babu harsashi, a kulle cikin akwatinta, harsashi a wata jaka daban. Lasisi da biro a aljihun ƙirji, domin da zarar dabba ta faɗi sai an sa hannu a takardar an yanke rana da wata kafin a bar wurin. Uwargida ta riga ta daka yajin kilishi.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau, har da hayar mota, ta ɗan haura dala 2,100.

30 ga Satumba, Talata, Gillette

Mun iso jiya. Yau tun safe muna zagaye. A murabba'in jiha mun tarar da motoci uku, mutane suna duba wurin kamar mu. A filin shiga da ƙafa garken yana nan, sun zama 14, namijin yana ta korar wani ƙarami da ke raɓar matan. Da hantsi suka bi ta ƙarƙashin wayar nan, daidai inda na yi alama. Akwai wani ɗan kwari da ya taso daga kudu ya ƙare yadi 210 daga wurin, na auna. In iska ta tsaya daga yamma kamar yadda aka yi hasashe, ta cikinsa za mu bi da rarrafe. In ta juya, mu zagaya ta arewa, ƙarin tafiyar mil ɗaya da rabi.

Rana za ta fito wajen ƙarfe 7, harbi yana halatta rabin awa kafin nan. Daga masauki zuwa wurin ajiye mota minti 50 ne, daga nan tafiyar ƙafa minti 40 cikin duhu. Za mu tashi ƙarfe 4, mu yi asuba a bakin shinge. Na ƙara buhu huɗu na ƙanƙara, dala 14. An ce babu ruwan sama har Juma'a.